Karatun kaɗan-kaɗan a kullum: amfaninsa da iyakarsa

Miliyoyin mutane a sassa daban-daban na duniya kan ware 'yan mintoci a kowace rana domin koyon sabuwar kalma, ko wata ƙa'idar nahawu, ko labarin wani abu da ya faru a tarihi.

A da, ta rediyo da jaridu da kalanda ake samun irin waɗannan gajerun darussa. A yanzu kuwa wayar salula ce ke kan gaba.

Binciken da masana suka shafe kimanin shekaru 140 suna gudanarwa ya nuna cewa wannan salo yana da amfani, to amma da sharaɗi. Sai mai koyo ya riƙa komawa kan abin da ya koya bayan wata tazara, yana kuma jarraba kansa ba tare da duba takarda ba.

Idan aka rasa wannan, mafi yawan abin da aka karanta yau kan gushe kafin mako ya zagayo.

Daga rediyo zuwa wayar salula

A shekarar 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, BBC ta fara watsa gajerun darussan Turanci ta rediyo ga masu sauraro a ƙasashen waje.

Ranar 19 ga watan Oktoba na 1959 kuma, Muryar Amurka ta ƙaddamar da shirin Special English, wanda ake karanta labarai a cikinsa a hankali, da kalmomin da ba su wuce kimanin 1,500 ba. A 2014 ne aka sauya wa shirin suna zuwa Learning English.

Zuwan wayoyi masu intanet ya faɗaɗa harkar ƙwarai. A 2011 Luis von Ahn, wani farfesa ɗan asalin ƙasar Guatemala da ke Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, da ɗalibinsa Severin Hacker, suka kafa kamfanin Duolingo, aka kuma buɗe manhajar ga jama'a a 2012.

Darasi guda a manhajar bai fi 'yan mintoci ba. A 2024 kamfanin ya bayyana cewa masu amfani da ita a kowane wata sun haura miliyan 100.

Sai dai tun kafin a ƙirƙiro rediyo wani Bajamushe ya fara auna tambayar da dukkan waɗannan shirye-shirye suka dogara a kanta, wato nawa ne ke saura a kan mutum daga abin da ya koya.

Mutumin da ya auna mantuwa

Sunansa Hermann Ebbinghaus, an haife shi a 1850, ya rasu a 1909. A kansa ya yi gwajin, kuma a 1885 ya wallafa sakamakon.

Domin kada ilimin da yake da shi tun da farko ya gurɓata awon, sai ya ƙirƙiri gaɓoɓi kimanin 2,300 waɗanda ba su da ma'ana, kowace da baƙi da wasali da baƙi.

Yakan haddace jerin gaɓoɓin har sai ya iya kawo su ba kuskure, sannan ya bar su na wani lokaci, ya dawo ya duba tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya sake haddace su. Sauƙin da ya samu a karo na biyu shi ne ma'aunin abin da ya saura a kansa.

Bayan minti 20, abin da ya saura kimanin kashi 58 ne cikin 100. Bayan sa'a guda ya koma kashi 44, bayan kwana guda kashi 34, bayan kwana shida kashi 25, sannan bayan kwana 31 ya tsaya a kashi 21.

Wato dai mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, daga nan sai ta lafa.

A 2015 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Amsterdam, Jaap Murre da Joeri Dros, suka maimaita gwajin, kuma sakamakon da suka samu ya yi kusa da na Ebbinghaus ƙwarai.

Akwai dai abin lura game da waɗannan alƙaluma. Na gaɓoɓi marasa ma'ana ne, kuma abu mai ma'ana ya fi su saurin shiga da daɗewa. Shi kansa Ebbinghaus ya gano cewa haddace baitocin waƙa na buƙatar kimanin kashi ɗaya cikin goma kacal na maimaicin da gaɓoɓin ke buƙata.

Amfanin tazara

Abu na biyu da Ebbinghaus ya gano shi ne tushen karatun kaɗan-kaɗan. Ya lura cewa maimaita jerin gaɓoɓi sau 38, a rarrabe cikin kwana uku, ya ba shi sakamako daidai da maimaitawa sau 68 a zama guda.

An sha tabbatar da wannan bayansa. A wani bincike da Alan Baddeley da abokin aikinsa suka wallafa a 1978, an koya wa ma'aikatan gidan waya na Birtaniya buga keken rubutu. Wasu sun riƙa yin sa'a guda a rana, wasu biyu, wasu kuma huɗu.

Masu sa'a guda a rana ne suka ƙware cikin mafi ƙarancin sa'o'in horo. Amma da aka tambaye su, su ne suka fi nuna rashin gamsuwa da tsarin, domin kwanakinsu sun fi yawa.

A fagen koyon harshe kuma, Harry Bahrick na Amurka da mutane uku daga iyalinsa sun yi wani gwaji a kansu na tsawon shekaru, wanda aka wallafa a 1993. Kowannensu ya koyi kalmomi 300 na baƙon harshe, suna bita bayan kwana 14, ko 28, ko 56.

Da aka jarraba su bayan shekaru, sai aka tarar cewa bita sau 13 da tazarar kwana 56 ta yi daidai da bita sau 26 da tazarar kwana 14.

To wace tazara ce ta fi dacewa? Wani bincike da Nicholas Cepeda da abokan aikinsa suka wallafa a 2008, wanda mutane fiye da 1,350 suka shiga, ya nuna cewa amsar ta dogara ne a kan lokacin da ake son a tuna abin.

Wanda zai buƙaci abin bayan mako guda, bitar da ya yi bayan kwana ɗaya ko biyu ce ta fi amfani. Wanda kuma ke son ya tuna bayan shekara, ya fi kyau ya jinkirta bitar zuwa bayan wasu makonni.

Wannan ne ya sa karatun jajibirin jarrabawa kan fitar da ɗalibi washegari, amma a nemi ilimin a rasa bayan wata guda.

Jarraba kai

Sharaɗi na biyu shi ne yadda ake yin bitar. Mutane da dama kan sake karanta abin da suka rubuta, su ga sun gane shi, sai su ɗauka ya zauna.

A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke birnin St Louis a Amurka suka bai wa ɗalibai wani gajeren rubutu. Rukuni ɗaya ya yi zaman karatu huɗu a kansa. Ɗaya rukunin kuma ya yi zama guda, sannan aka sa shi rubuta abin da ya tuna har sau uku.

Bayan minti biyar, masu karatu huɗu ne ke kan gaba, da kashi 83 cikin 100, a kan kashi 71 na ɗaya rukunin. Bayan mako guda sai lamarin ya juye. Masu karatu huɗu sun faɗo zuwa kashi 40, waɗanda aka jarraba kuwa suna da kashi 61.

A 2008 masanan biyu suka sake gwaji da kalmomi 40 na harshen Swahili da fassararsu ta Turanci. Ɗaliban da aka ci gaba da jarrabawa a kan kalmomin sun tuna kimanin kashi 80 cikin 100 bayan mako guda, yayin da waɗanda aka daina jarrabawa da zarar sun kawo kalma daidai sau ɗaya suka tuna kimanin kashi ɗaya cikin uku.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, wahalar da mutum ke sha wajen lalubo amsa daga kansa ita ce ke ƙarfafa haddar. Darasin da ake karantawa kawai a wuce, komai daɗinsa, bai samar da wannan ba.

Akwatin Leitner da manhajoji

An daɗe ana neman hanyar haɗa tazara da jarraba kai a tsari guda mai sauƙi.

A 1967 Paul Pimsleur, wani malamin harsuna a Amurka, ya ba da shawarar jadawalin bita da ke farawa daga daƙiƙa biyar, ya wuce zuwa daƙiƙa 25, da minti biyu, da minti 10, yana ta faɗaɗa har ya kai shekara biyu.

A 1972 kuma wani ɗan jarida Bajamushe mai suna Sebastian Leitner ya bayyana tsarin da ya fi shahara, wanda ba ya buƙatar komai sai ƙananan takardu da akwati.

Ana rubuta tambaya ko kalma a fuskar takarda, amsar kuma a bayanta. Ana raba akwatin gida-gida. Takardun gidan farko kullum ake duba su, na gida na biyu bayan 'yan kwanaki, na gaba kuma bayan tazarar da ta fi haka.

Idan mai koyo ya kawo amsa daidai, takardar ta ƙara gaba. Idan ya kuskure, sai ta koma gidan farko. Ta haka lokacinsa ke tafiya a kan abin da ke ba shi wuya.

A 1987 Piotr Wozniak, wani ɗalibi a birnin Poznan na ƙasar Poland, ya rubuta manhajar kwamfuta mai suna SuperMemo, wadda ke lissafa wa mutum ranar da ya kamata ya sake duba kowace kalma. A 2006 aka fitar da Anki, wadda aka gina a kan irin wannan lissafi, kuma ta samu karɓuwa musamman a wurin ɗaliban aikin likita da masu koyon harsuna.

Tsarin makarantar allo

Ga mutanen ƙasar Hausa, da yawa daga cikin wannan ba baƙon abu ba ne, domin a kan karatun kaɗan-kaɗan aka gina makarantar allo.

Ana rubuta wa ɗalibi 'yan ayoyi a allo, ya yi ta maimaitawa har su zauna, sannan ya biya wa malam. Sai malam ya gamsu ake wanke allon a yi masa ƙari.

Masu hadda kuma kan raba lokacinsu tsakanin sabon karatu da bitar na baya, suna kawowa da ka yayin da malam ko wani ɗan'uwa ke sauraro yana gyara. Mahaddacin da ke tilawar izu biyu a kullum zai zagaye izu sittin cikin kwana 30, ma'ana kowane wuri yana dawowa gare shi sau ɗaya a wata.

Haka nan a karatun zaure, inda ɗalibi ke ɗaukar ɗan abin da ya sawwaƙa daga littafin fiƙihu ko na nahawu a kowace rana, har ya sauke.

A nan an haɗa abubuwan nan da binciken zamani ya tabbatar, wato ɗaukar kaɗan, da komawa bayan tazara, da kawowa ba tare da dubawa ba. Akwai kuma abin da yawancin manhajoji ba su da shi, wato malamin da ke hana ɗalibi wucewa sai karatun ya zauna.

Kalmomi

A fagen kalmomi ne wannan salo ya fi nuna ƙarfinsa, domin kowace kalma abu ce da za a iya rubutawa a takarda guda, a jarraba ta ita kaɗai.

To amma lissafi na nuna iyakar tsarin kalma ɗaya a rana. A shekara, kalmomi 365 ke nan.

Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand ya ƙiyasta a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da ƙamus ba yana buƙatar sanin tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000, tare da rassansu. Da kalma ɗaya a rana, sai an shafe kimanin shekaru 22 kafin a kai 8,000.

Ƙamusun Hausa na Bargery da aka buga a 1934 ma yana da kalmomi kimanin 39,000, waɗanda da wannan lissafi za su ci fiye da shekara 100.

Saboda haka zaɓin kalmomin na da muhimmanci. Kalmomin da aka fi yawan amfani da su, 'yan dubbai kaɗan, su ne ke cike mafi yawan kowane shafi, kuma da su ya kamata mai koyo ya fara. Shirye-shiryen kalmar yau da masu ƙamus ke yi sau da yawa kan zaɓo kalmomin da ba a cika ji ba, waɗanda suka fi dacewa da wanda ya riga ya iya harshen.

Nahawu

Nahawu ya bambanta da kalmomi, domin ƙa'ida ba ta da amfani sai an iya aiki da ita a jimlar da ba a taɓa gani ba.

Duk da haka akwai shaidar cewa tazara na taimakawa a nan ma. A wani bincike da Steve Bird ya wallafa a 2010 kan masu koyon lokutan aikatau na Turanci, waɗanda suka riƙa bita da tazarar kwana 14 sun fi masu tazarar kwana uku riƙe ƙa'idojin, da aka jarraba su bayan kwana 60.

Gajeren darasi ya fi amfani idan ya nuna tsarin da ke haɗa abubuwa da yawa. Mai koyon Larabci da ya fahimci cewa kitab da katib da maktaba duk daga tushe guda suka fito ya samu mabuɗin da zai yi amfani da shi a kan ɗaruruwan kalmomi.

Haka mai koyon Hausa, zai iya haddace gida da gidaje, ko doki da dawaki, ɗaya bayan ɗaya, amma aikin zai fi masa sauƙi idan aka nuna masa cewa jam'in Hausa rukuni-rukuni ne.

Tarihi da ilimin yau da kullum

A 2009 Shana Carpenter da abokan aikinta suka wallafa wani bincike kan ɗaliban ƙaramar sakandare a Amurka da suka koyi tarihin ƙasarsu. An yi musu bita bayan mako guda ko bayan mako 16, sannan aka jarraba su bayan wata tara.

Bayanan da aka yi bitarsu ta hanyar tambaya, sannan aka nuna amsa, su ne suka fi zama a kan ɗaliban.

Sai dai sanin shekaru da sunaye wani ɓangare ne kawai na tarihi. Mutum zai iya haddace cewa a 1804 aka fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a 1903 Turawan Birtaniya suka ci Kano da Sakkwato, a 1914 kuma aka haɗe arewaci da kudancin Najeriya, ba tare da ya san yadda ɗaya ya shafi ɗaya ba.

Fahimtar dalilin da ya sa Turawa suka yi mulki ta hannun sarakuna a arewa, alal misali, na buƙatar sanin tsarin masarautun da daular Sakkwato ta kafa shekara ɗari kafin zuwansu. Irin wannan bayani bai shiga darasin minti biyu ba.

Shi ya sa labarin tarihi na kullum ya fi amfani ga wanda ke da wani littafi ko darasi mai tsawo da yake bi, domin a nan ne kowace shekara ke samun gurbin da za ta zauna.

Lissafin lokaci

Minti biyar a kullum, idan ba a yi fashi ko sau ɗaya ba, kimanin sa'o'i 30 ne a shekara.

Cibiyar horar da jami'an diflomasiyya ta ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci na buƙatar sa'o'i 600 zuwa 750 na aji kafin ya iya aiki da harsuna irin su Faransanci da Sifaniyanci, da kimanin sa'o'i 1,100 ga Hausa, da kuma 2,200 ga Larabci.

Wannan na nufin minti biyar a rana, shi kaɗai, ba zai kai mutum ga iya harshe ba cikin lokacin da mafi yawan masu koyo ke zato.

Akwai kuma batun ƙirgar kwanaki. Manhajoji da dama na nuna wa mutum adadin kwanakin da ya jera bai yi fashi ba, domin ƙarfafa masa gwiwa. Hakan na taimakawa wajen ɗorewa, amma abin da ƙirgar ke aunawa shi ne halarta. Ba ta nuna ko mutum zai iya tuna darasin watan jiya.

Akwai dai labari mai daɗi ga wanda ya jure. A wani bincike na 1984 kan mutane 733 da suka koyi Sifaniyanci a makaranta, Bahrick ya gano cewa ilimin kan ragu a shekaru uku zuwa shida na farko, amma abin da ya tsira daga nan kan zauna har kimanin shekaru 30 ba tare da raguwa ta a zo a gani ba. Waɗanda suka fi zurfin karatu tun da farko su ne suka fi riƙe mai yawa.

Yadda ake cin moriyar tsarin

Hausawa kan ce da yayyafi kogi kan cika, kuma binciken bai saɓa wa wannan ba. Abin da ya ƙara shi ne yadda za a tsara mintocin.

Na farko, a fara zaman kowace rana da tsohon karatu kafin sabo, a rufe littafi ko waya, a kawo amsar da ka ko a rubuce, sannan a duba a gyara.

Na biyu, a riƙa faɗaɗa tazarar. Abin da aka koya yau a duba shi gobe, sannan bayan 'yan kwanaki, sai bayan mako ɗaya ko biyu, sai bayan wata. Duk abin da aka kuskure ya koma farko.

Na uku, sabuwar kalma ko ƙa'ida a sa ta a jimla, a kuma neme ta a jarida ko a rediyo ko a hira, domin abin da ke da ma'ana ya fi daɗewa.

Ga ɗalibin da ke shirin jarrabawar kammala sakandare ko ta shiga jami'a, wannan na nufin fara bita watanni kafin ranar, tare da amsa tambayoyin shekarun baya ba tare da duba amsa ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke buƙatar waya mai tsada ko kuɗin intanet. Ƙananan takardu da kwali mai gida huɗu ko biyar sun isa a gudanar da tsarin Leitner a gida.